Mako Guda Babu Mai Sallama da Kai

A Zariya idan mutum ya ce zai tafi ƙauye ya yi mako guda shi kaɗai, ba biki ya kai shi ba, ba gaisuwar mutuwa ba, ba kuma duba gona ba, abin da za a fara ce masa shi ne, "Lafiya dai?" In ya ce lafiya lau, rubutu zai yi ko zane, sai a yi shiru a bi shi da kallo. Yana ba da baya wani zai ce girman kai ne ya fara damunsa, wani ya ce ai da ma 'yan boko haka suke, wata gwaggo kuma ta shiga damuwa ta gaske, ta ce a nema masa rubutun sha tun abin bai yi nisa ba. Ba mugunta ke sa su faɗin haka ba. Mun tashi ne a kan cewa mutum rahama ne, wanda ya janye jikinsa daga jama'a kuwa ko dai fushi yake yi ko ba shi da lafiya.

Ni a ganina wannan mako guda yana cikin kayan aikin mai fasaha, tare da alƙalami da takarda da fenti. Kuma garin da ya raini ɗab'in Hausa, ya raini zanen zamani na ƙasar nan, ya kamata a ce yana da gida ko da ɗaya ne a wani ƙauye na kusa, inda marubuci ko mai zane ko mawaƙi zai je ya zauna shi kaɗai, a ba shi tuwo da ruwa, a ƙyale shi da aikinsa. Ban ɗauki wannan a matsayin gata ga wasu 'yan tsiraru ba. Maganar jama'a ce, domin abin da ake rubutawa da zanawa a gari shi 'ya'yanmu za su karanta, shi kuma za a san mu da shi bayan ba mu.

A duba yinin marubuci a garin nan. Yawancinmu ba da rubutu muke ci ba: malamin makaranta ne, ko ma'aikacin asibiti, ko mai shago a Sabon Gari. Ya dawo gida bayan la'asar a gajiye, ya yi wanka, ya ce bari ya zauna ya ci gaba da babin da ya bari. Ya buɗe littafi ke nan sai yaro ya shigo, "Baba, ana sallama da kai." Maƙwabci ne, ya zo maganar kwata da ta toshe. An gama wannan an kira magariba. Bayan isha'i akwai ɗan'uwan da aka kwantar a asibitin Shika, dole a je dubiya. An dawo babu wuta, janaretan mai sayar da ƙanƙara na ruri a jikin katanga, waya kuma ta cika da saƙonnin zauren dangi, ana karɓar gudummawar biki. Asabar ɗaurin aure uku, ɗaya a cikin Birni, ɗaya a Tudun Jukun, ɗaya a Samaru, kuma duk ƙarfe ɗaya aka sa. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ba laifi ba ne, haƙƙoƙi ne da ke wuyanmu, wanda ya yi wasa da su ya yi wasa da mutuncinsa. Amma in ka haɗa su, sai ka tarar mutum ya yi shekara bai samu awa huɗu a jere da zai yi tunani ɗaya ya kai shi ƙarshe ba.

Sakamakon yana nan a fili ga duk mai karatu. Labarai da yawa suna farawa da ƙarfi, su yi rauni a tsakiya, su ƙare a gurguje. Tauraron da aka ce maraya ne a shafi na goma sai ga mahaifinsa a shafi na ɗari. Ba rashin basira ba ne. Aikin an yi shi ne gutsure-gutsure, yau minti ashirin, jibi rabin awa, mai shi bai taɓa ganinsa gaba ɗaya a zama guda ba. Marubutan da ke sakin labari a WhatsApp sun fi kowa shan wannan wahala, don su masu karatu ne a kansu kullum suna neman ci gaba, shafin da aka rubuta da daddare da safe ya riga ya zaga duniya, babu damar komawa a gyara. Mai zane ma haka. Sai ya yi abin da za a saya gobe, hoton ango da amarya ko na ɗan takara, babban aikin da ke ransa yana jingine a bango ƙura na hawansa.

Abin da ke ba ni takaici shi ne Zariya ta san maganin wannan tun da daɗewa, don a nan aka gwada shi aka ga amfaninsa. A 1936 Abubakar Imam malami ne a Makarantar Midil ta Katsina. Rupert East, wanda ke riƙe da Hukumar Talifi, ya nemi a ba shi aronsa, aka ɗauke shi daga aji aka kawo shi Zariya, ya yi wata shida ba shi da wani aiki sai rubutu. Abin da ya fito daga wannan zama shi ne Magana Jari Ce, juzu'i uku, wanda har yau ake karantawa a makarantu. Na san Turawan mulki suna da tasu manufa, littattafan karatu suke nema don makarantunsu. Wannan bai kawar da darasin ba. Basirar tasa ce, Allah ya ba shi, amma da an bar shi yana shiga aji safe da rana yana duba littattafan yara da dare, da wuya aikin ya kammalu a wannan lokaci, da wannan tsari. Wani ne ya gane cewa abin da matashin nan ya rasa shi ne sarari, ya kuma biya kuɗin sararin.

Ɓangaren zane ma labarin ya kusa zama ɗaya. A 1955 aka dawo da sashen koyar da zane daga Ibadan zuwa kwalejin da daga baya, a 1962, ta zama Jami'ar Ahmadu Bello. A 1958 wasu ɗalibai, cikinsu akwai Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya, suka ce ba za su zama masu kwaikwayon Turai kawai ba, za su haɗa abin da aka koya musu da abin da suka gada. Duk wanda zai ba da tarihin zanen zamani a Nijeriya sai ya biyo ta Samaru. To amma a dubi inda suka kai abin da suka samu. Nwoko ya gina wurin aikinsa a Ibadan. Onobrakpeya ya gina nasa a garinsu Agbarha-Otor a Jihar Delta, tun 1998 yake tara masu fasaha a can duk shekara lokacin hunturu, su bar birni su yi makonni suna aiki. Ba su yi laifi ba. A Iseyin ta Jihar Oyo, Dokta Wale Okediran ya buɗe gidan Ebedi a 2010, marubuci ya je ya zauna kyauta na 'yan makonni, abin da ake nema gare shi kawai ya ɗan koyar da 'yan sakandaren garin. Mai fasaha Yinka Shonibare ya yi nasa a wata gona kusa da Ijebu Ode. Mu kuwa a nan, ka tambayi matashin da ya gama karatun zane ina zai je ya keɓe ya yi aiki, amsar ba ta wuce ɗakin otal da ba shi da kuɗinsa, ko ɗakin aboki da ya yi tafiya.

Za a ce wannan al'adar Turawa ce. Gaskiya ne su sun tsara abin sun daɗe a kai. A Amurka akwai MacDowell, gona ce da matar wani mai tsara kiɗa ta mayar masaukin fasihai a 1907, kuma dokarsu guda ta burge ni: ana kai wa mutum abincin rana a kwando a ajiye a ƙofar ɗaki, ba a ƙwanƙwasa masa, ba mai zuwa wurinsa sai ya gayyata. Amma duk wanda ya taɓa kai wa ɗan'uwansa abincin buɗa baki a masallaci cikin goman ƙarshe na azumi ya san wannan ladabi. Mai i'itikafi ya bar shago, ya bar iyali, ya bar majalisa, ba wanda ya ce masa mai girman kai. Ana miƙa masa kwano a gaisa a taƙaice a tafi. Ban haɗa ibada da rubutun labari ba, nesa ba kusa ba. Abin da nake nunawa shi ne al'ummarmu ta iya ƙyale mutum in ta yarda abin da ya zaunar da shi mai daraja ne. Gardawa sun daɗe suna fita bayan gari su kafa bukkokin kara su yi kiskadi, don sun san tilawa ba ta zama a cikin surutu. Malamanmu na tarihi kuma sun san Ibn Khaldun, wanda ya gaji da hidimar sarakuna a 1375 ya koma Ƙal'atu Ibn Salama, wani keɓaɓɓen wuri a ƙasar Aljeriya ta yau, ƙabilar Banu Arif suka ba shi masauki da kariya. A can ya rubuta Muƙaddima cikin wata biyar a 1377, sannan daga baya ya koma Tunis neman littattafan da zai tabbatar da abin da ya rubuta. Birni na da nasa aiki, ƙauye na da nasa, bai ɗauki ɗaya ya yar da ɗaya ba. Saboda haka matsalarmu ba ƙin keɓewa ba ce. Ba mu yarda ba ne cewa aikin marubuci da mai zane ya kai a keɓe dominsa.

Na taɓa samun irin wannan mako, ba a wani tsararren wuri ba, a gidan kakannin wani abokin aikina ne, wani ƙauye ta wajen Hunƙuyi, bayan an gama girbin masara. Ɗakin soro ne na ƙasa a gefen zaure, da taga ƙarama mai kallon fadama, da tabarma da katifa da randa da buta. Teburin aron makarantar firamare ne. Tsohuwar gidan ta dube ni da na sauka ta ce, "Ɗan nan, an ce karatu ka zo yi. To mu ba mu da abin ba ka sai tuwo da shiru." Na ce, "Inna, su na zo nema." Daga ranar ba ta ƙara tambayata komai ba. Da safe jikarta ta ajiye koko da ƙosai a kan dakali ta yi gyaran murya ta wuce. Da dare tuwon masara miyar kuka, wani lokaci da ɗan man shanu.

Wanda bai taɓa yi ba zai zaci daɗi ake ji daga isa. Ba haka ba ne. Kwanakin farko hannu ba ya barin aljihu, ana laluben waya ko ba ta yi ƙara ba. Barci ya yi ta ɗibar mutum da rana tsaka, gajiyar shekara ce ke fita. Sai wani irin ƙunci, ka ji kamar ana can ana wani abu babu kai, ka tuna bashin da ba ka biya ba da maganar da ka faɗa wa wani bara. Ruwan rafi ne aka ɗebo da damina aka zuba a randa, ba ya shawuwa sai an bar shi ya kwanta, kuma ba a sa shi kwanciya da hannu. Wajen tsakiyar mako abin ya lafa. Na ɗauko rubutun da na daɗe ina ja, na karanta shi daga farko har ƙarshe da murya a zama ɗaya, abin da ban taɓa samun yi a gida ba. A nan na ji inda mutanen labarin suke magana da bakina maimakon nasu, na ji babi biyu da aikinsu ɗaya, na kuma gane ainihin labarin yana wurin wata tsohuwa da na ajiye a gefe. Sauran kwanakin aiki ne tun daga asuba har rana ta take, sannan bayan la'asar in taka zuwa fadama in dawo.

Kuma kada a yaudari kowa, ƙauye ba shiru gare shi ba. Tun da duku-duku ake daka, injin niƙa na tashi da hantsi, injin ban ruwa na kuka a lambun tumatir, babura na wucewa da buhunan tattasai, ga jakuna ga zakaru. Bambancin shi ne duk wannan hayaniya babu wadda ke kiran sunanka. Ba wanda ke jiran ka yanke hukunci, ba wanda zai ji haushi in ba ka fito ba. Ka yi jam'i a masallaci, a gaisa, a tambaye ka baƙunta, kowa ya kama gabansa. Wannan shi ne abin da otal a Kaduna ko Abuja ba zai ba ka ba ko kana da kuɗin, don can kaɗaici ne na wanda ba a san da shi ba, ga talabijin a bango, ga mai kawo abinci yana jiran lissafi. A ƙauye kana cikin mutane, ana ganin fitowarka da shigarka, in ka kwana biyu ba a ji motsinka ba za a leƙo. Ga kuma Hausar da kunne ke tsinta a bakin rijiya da wurin masu fiɗar rake, wadda ta fara ɓacewa a bakinmu mu mazauna gari.

Masu cewa wannan yanke zumunci ne suna da hujja, ba na raina ta. Akwai hadisin da Tirmizi da Ibn Majah suka ruwaito, cewa muminin da ke cuɗanya da mutane yana haƙuri da cutarwarsu ya fi wanda ba ya cuɗanya da su. Na yarda da wannan ɗari bisa ɗari, shi ya sa ma nake cewa mako guda, ban ce shekara ba. Mutumin da ya bar iyali babu cefane, ko ya tafi mahaifiyarsa na kwance, ya ce fasaha ta kira shi, ba shi da uzuri a wurina. Amma ɗan kasuwa na tafiya Legas ya yi sati biyu sarin kaya, ma'aikaci na tafiya kwas na wata uku, manomi na tarewa a gona lokacin girbi, duk ba a ce sun yanke zumunci ba, ana ma yi musu addu'ar dawowa lafiya. Makon marubuci ne kawai ake ƙirgawa, don ba a ganin buhun da zai dawo da shi.

Akwai kuma masu cewa ana fama da abin sawa a baki, wa ke ta zane? Wannan magana tana da nauyi a wannan zamani, kuma duk wanda ke zuwa kasuwar Tudun Wada ya san haka. Sai dai a lura, ba mu daina kashe kuɗi da sunan adabi da al'ada ba. Ana ƙaddamar da littafi a kama babban zaure, a buga kalanda, a yi abinci, a kira manyan baƙi su yi alkawarin miliyoyi. Ana taron ƙara wa juna sani a raba jaka da lambar yabo. Duk kuɗinmu yana tafiya ne ga ranar da aka gama aiki, ba mu ware ko kaɗan ga kwanakin da ake yin sa. Abin da taro ɗaya irin wannan ke ci zai ciyar da baƙi da dama a ɗakin ƙauye, tunda abin da ake bukata bai wuce hatsi da kayan miya da ɗan hasken sola da ladan mai girki ba.

Maganar da ta fi kowace wuya ita ce tsaro, kuma duk wanda ya kawo wannan shawara ya tsallake ta bai yi wa mutane adalci ba. Ba mu manta watan Yunin 2021 ba, da 'yan bindiga suka shiga Kwalejin Nuhu Bamalli da dare suka kashe ɗalibi suka tafi da malamai da ɗalibai. Ba mu manta ma'aikatan ƙaramar hukumar Zariya 13 da aka sace a hanyar Giwa a watan Nuwamba na shekarar ba. Akwai ƙauyukan da masu su ma sun bar su. Ba zan ce wa kowa ya ɗauki jaka ya nufi daji don neman ilhami ba. Irin gidan da nake nufi ba a tsakiyar dawa yake ba, a cikin gari yake, jikin gidan mutane, a ƙauyen da ke kan kwalta kusa da Zariya, da sanin dagaci da mai unguwa, babu allo a ƙofa, babu sanarwa a Facebook cewa wane ya sauka. Mutanen wurin su ne za su ce yanzu a zo, ko yanzu a dakata, kuma maganarsu ce ta ƙarshe. In ma hakan bai samu ba a fara daga bakin gari. Jami'a na da filaye masu yawa a Samaru da Shika, ɗaki biyu a gefen gonar gwaji ba zai gagare ta ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne mu naɗe hannu mu ce sai ranar da komai ya daidaita. Rashin tsaro ya riga ya raba ɗan birni da ƙauye, yara na tashi a Zariya ba su taɓa kwana a garin kakanninsu ba. In marubuta da masu zane su ma suka daina zuwa, ƙauye zai koma wurin da ba a jin sunansa sai a labarin hari.

Sai mata, waɗanda su ne suka fi yawa a cikin masu rubuta labaran Hausa a yau, su ne kuma suka fi kowa rashin sarari. Namiji ko ba komai yana iya fakewa a ofis bayan an tashi. Mace tana rubutu ne a waya da hannu ɗaya, ɗayan na juya miya, ko ƙarfe ɗayan dare bayan kowa ya yi barci. In aka gina wuri aka tsara shi yadda maza kaɗai za su iya zuwa, an bar waɗanda suka fi bukata a baya. Ba kuma sai an yi faɗa da addini ko al'ada ba kafin a warware wannan. Ɗakin mace ya kasance a cikin gida, sashen dattijuwa, mijinta ko ɗan'uwanta ya kawo ta ya ga wurin da idonsa, in ya so ya dawo ya ɗauke ta. Mai goyo ta zo da ƙanwarta ta riƙe mata yaro. Matanmu na zuwa wankan gida su yi arba'in, suna zuwa jinyar dangi su yi makonni, gida bai rushe ba. Ina roƙon mazan da Allah ya ba mata masu basira su dubi wannan da idon rahama. Mako guda da ka riƙe gida ka ce mata je ki ƙarasa littafinki, alheri ne da ba za ta manta ba.

Haƙƙin mutanen ƙauyen shi ma sai an faɗe shi tun farko. Ba kayan kallo ba ne su, ba a kuma zo a ɗauki hoton talaucinsu a kai baje koli ba. Gidan ya zama suna da hannu a cikinsa: maginan garin su gina, a sayi hatsi da itace da nono a wurinsu, mai girki a biya ta ladanta cikakke ba a ce an gode ba kawai. Ba a zana fuskar kowa ko a sa sirrin gidansa a labari sai da izininsa. Baƙo kuma kafin ya tafi ya ba makarantar garin yammaci ɗaya, ya karanta wa yara wani abu ko ya nuna musu yadda ake riƙe fensir. Yaron da ya ga babban mutum ya zo garinsu takanas don ya zauna ya yi rubutu, kallon da yake yi wa littafi zai canza.

Wa zai biya? Ni ban sa rai ga gwamnati ba, kuma ban so a fara da ita, don abin da aka fara da kwangila yakan mutu da canjin mulki. Hanyar da muka gada ita ce waƙafi. Masu hali a Zazzau suna gina masallatai da islamiyyu suna haƙa rijiyoyi, Allah ya saka musu. A cikinsu akwai wanda ke da gidan gado a ƙauye da ba mai kwana a ciki, da gona a bayansa. Ya tsayar da gidan, ya ce amfanin gonar nan shi zai riƙa ciyar da baƙon da ke ciki. Tsofaffin ɗaliban sashen zane da na harsunan Nijeriya su ɗauki gyara da hasken sola. Ginin ma kada a kai shi inda ba a bukata. Garin Babban Gwani ne nan, wanda ya gina Masallacin Juma'a a shekarun 1830, kuma har yanzu akwai masu iya tubali da azara da ɗaurin guga. Ɗakin ƙasa mai kaurin bango ya fi na bulo da kwano sanyi a bazara, ya fi shi ɗumi da hunturu, ga shi ba ya amsa kuwwa. A bar taga babba ta arewa saboda masu zane, don hasken wannan ɓangare bai cika sauyawa ba.

Zaɓen wanda zai je shi ne inda abin zai gyaru ko ya lalace. In aka bar shi a hannun sanayya, shekara biyu ta isa ya zama wurin hutun manya. Mutum uku masu mutunci sun isa, su karanta shafi goma ko su dubi zane biyar ba tare da sun ga sunan mai shi ba. Kada a tambayi takardar shaidar karatu. Mai rubutun ajami ya shiga, mai waƙar baka da ke son tsara baitocinsa ya shiga, alaramman da ke rubuta Alƙur'ani da ka yana neman inda hannunsa ba zai karkace ba ya shiga, haka mai zanen aska takwas a kan babbar riga daga cikin Birni, wanda ke da sabon fasali a kansa shekara da shekaru, masu kaya ba su bar shi ya zauna ya fitar da shi ba. Kuma in mako ya cika kada a tsare mutum a ce ina abin da ka yi, kada a nemi rahoto, kada a shirya taro. Wani zai fito da babi biyar, wani zai fito da shafi ɗaya, wani kuma zai fito ya yaga rabin abin da ya shiga da shi don ya gane ba shi da kyau, shi ma ya yi aikin da aka kai shi yi. A share ɗakin, a cika randa, a aika wa na gaba ya taho ranar Asabar.